Sunan Matar Da Ta Karɓi Haihuwarki

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Allah Ya tsare ki a tafiyar da za ki yi, Ya sauke ki Guangzhou lafiya, Ya ba ki ilimin da za ki nema, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Na zaɓi rubutu ne saboda na san halina. In na buɗe baki a gabanki, ko kunya ta rufe ni, ko faɗa ya ƙwace mini, kuma ba ke kika cancanci faɗan ba.

Raina a ɓace yake tun ranar Juma'a. Kina zaune a falo Baffanki Lawan ya ɗauki takardar haihuwarki ya karanta, ya ce kafin ki je ofishin fasfo ranar Litinin a biya kotu a yi rantsuwa, a cire "Mai" daga cikin sunanki.

"Mai me?" in ji shi. "Mai goro ko mai tebur? Suna babu asali babu ma'ana, a bar shi ya bi yarinya har jami'a?"

Aka yi dariya. Ke ma kika yi murmushi kika ce, "To, Baffa." Ni kuwa ina tsaye da faranti a hannu, na juya na koma kicin. Ina jin haushinsa, ba zan ɓoye miki ba. Tun da Abbanki ya rasu, Allah Ya jiƙansa, shi yayansa ne yake tsaye a kanmu, ban raina masa ba. Amma tsayawa a kan marayu bai ba mutum ikon ya ce abu ba shi da asali don kawai shi bai sani ba. Sai dai haushin da nake ji na kaina ya fi nasa yawa, domin ni na san asalin, kuma ni na binne shi.

A ƙarshen shekarun casa'in Abbanki ya tafi da ni Guangzhou, ina amarya. Shi yake sayo wa 'yan kasuwar Kwari da Wambai takalma da yadi, ya auna, ya ɗaure, ya tura. Lokacin Hausawan garin ba su da yawa, mata kuwa sai in yi wata ban ga ko ɗaya ba. Muka kama ɗaki a unguwar Sanyuanli, hawa na biyar, babu lif, a wani lungu da in kika miƙa hannu ta taga kina iya taɓa shanyar gidan da ke kallonku. Filin jirgin lokacin yana nan kusa, in jirgi zai sauka sai kofuna sun yi ƙara a kan kanta.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata mata ce mai ɗinki, gajeruwa, ta girme ni da kamar shekara goma sha biyar, kullum da tef ɗin awo a wuyanta. Tun ranar da muka tare take gaishe ni. Ni kuwa na sa mata suna 'Yar Chaina, na tsaya a nan. Shekara guda cur muna haɗuwa a matattakala ban taɓa tambayarta sunanta ba. Ashe ba ma 'yar Chaina ba ce. Daga kudancin Biyetnam ta zo, baƙuwa ce kamar ni, tana gyaran kaya wa masu shaguna a kasuwar tufafi.

Wata rana ta hawo da ƙunshin yadi a ka, tana haki, ƙofarmu a buɗe, ta yi mini alamar tana son ruwa. Na ba ta. Da ta sha ta miƙo kofin, sai na karɓa da bakin zane, na ajiye shi can gefe, ban sake amfani da shi ba. Ina ji a raina wai addini nake karewa, tun da na san tana cin abin da ba ma ci. A gabanta na yi. Ta kalli kofin, ta kalle ni, ta yi godiya ta tafi.

Ummi, ba addini ba ne wannan. Rashin tarbiyya ne na sa masa hijabi. Inda za ki, za ki zauna da masu cin alade da masu bautar abin da ba ki sani ba, wasunsu a ɗaki ɗaya. Ki kiyaye abin da zai shiga cikinki, wannan wajibi ne. Amma babu malamin da ya ce ki wulaƙanta mai ƙishirwa. Kuma duk wanda za ki riƙa gani kullum, mai shara ne ko mai gadi, ki tambayi sunansa a makon farko, ki koyi faɗarsa daidai.

Kuskurena na biyu shi ne girman kai da harshe. Abbanki ya yi ta fama da ni in koyi yaren garin. Na ce me zan yi da shi, ba zama na zo yi ba. Abin da na iya bai wuce gaisuwa da "shishe", wato na gode, da "meyo" da masu shago suke cewa in babu abu. Ko sunan lungunmu ban iya faɗa wa direban tasi ba.

Ranar da za a haife ki ana tsakiyar damina. Lissafinmu saura mako uku, don haka Abbanki ya tafi wani gari duba takalma a masana'anta tun da safe. Wajen azahar aka kece da ruwa irin wanda ban taɓa gani ba, faya kuma ta fashe. Na ɗauki waya na rasa wanda zan kira, in ma na kira asibiti me zan ce musu? Da rarrafe na isa ƙofa. Na ɗauki ludayi na dinga dukan ƙofar matar da na ƙyamaci kofin da ta sha ruwa a ciki.

Ta fito, ta dube ni sau ɗaya, ta koma ta ɗauko almakashi da zare da tawul. Ta leƙa taga ta ga ruwa ya cika lungun har gwiwa, babu motar da za ta shigo. Da ɗan Turancinta ta ce mini, "Ni na yi aikin asibiti a garinmu. Kwanta. Kar ki ji tsoro."

A kan tabarmar falo aka haife ki, kafin la'asar. Kika fito da cibiya naɗe a wuyanki, jikinki ya yi duhu, ba ki yi kuka ba. Ina kallo ta warware cibiyar, ta kifa ki a tafin hannunta, ta share miki baki da ɗan yatsa, ta yi ta murza bayanki tana magana da yarensu. Shiru. Sai ta sa bakinta a kan bakinki da hancinki ta hura. Bakin nan da na ƙyamata. Ta hura, ta murza, ta sake hurawa. Ban san sau nawa ba, ni dai ina ta salati. Can kika yi wani ɗan tari, sannan kika tsala kuka.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sauka cikin ruwan ta nemo mai keken ɗaukar kaya da maza biyu da za su sauko da ni. Kafin ta bar su su shigo sai da ta ɗauko mayafina ta rufe mini kai, ta lulluɓe mini ƙafafu. Ban roƙe ta ba. Ta dai lura a shekarar nan cewa ba na fita kai buɗe. Ita tana lura da ni, ni ban ma san ƙasarsu ba. Abbanki ya same mu a asibiti da magariba, jikinsa sharkaf, ya yi miki kiran salla a kunne yana kuka.

Ki koyi harshen mutanen, Ummi. Kar ki ce ai da Turanci za a yi karatu. Ki iya faɗar inda kike, da abin da yake miki ciwo, da neman taimako. Ni jahilcina na ganganci ya kusa kashe ki.

Da muka dawo gida babu uwa babu ƙanwar uwa, babu mai dafa mini ruwan wanka. Ita ta zama duka. Ranar farko ta shigo da tukunya a hannu, ta ajiye a gabana. Kafin in yi magana ta ce, "Tukunya sabuwa ce. Cokali sabo. Kazar kuma wurin Musulmi masu farar hula na saya, kusa da masallaci. Ci."

Ashe ba ta manta da kofin ba. Ba ta kuma yi mini gori ba. Na ci farfesun nan da citta ina hawaye, ita tana tsammanin yaji ne.

Ranar ce na tambaye ta sunanta. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce, "Shekara ɗaya." Sannan ta ce, "Mai."

Na ce mata a yarenmu ma akwai kalmar, na nuna mata kwalbar man gyaɗa. Ta ƙara dariya. Ta ɗauki allin ɗinkinta ta zana mini fure mai ganye biyar a kan ƙyalle. Ta ce Mai sunan wata bishiya ne a ƙasarsu, ana zage mata ganye ta tsaya tsirara kamar ta mutu, sai daidai sabuwar shekararsu ta fashe da furanni rawaya tun kafin ganyen ya dawo. A kudu, in ji ta, gida bai yi shirin biki ba in babu reshenta a falo. Ta ce asalin kalmar daga rubutun Chaina ne, su suna cewa "mei", amma tasu bishiyar daban ce, furenta fari ne ko ja-ja, a cikin sanyi take yinsa. Ta ce iyaye suna sa wa 'ya mace sunan ne don fatan ta yi kyau ta kuma jure wahala. Ta ƙara da cewa a bakinsu na yau da kullum, in aka ce "mai" ana kuma nufin gobe, ko sanyin safiya.

Na tambaye ta ko sunan yana da yawa. Ta ce a ajinsu na firamare su huɗu ne, malami sai ya haɗa da sunan tsakiya kafin a san wadda yake kira. Na ce ashe Amina ce ta can. Da sabuwar shekararsu ta zo ta ja mu kasuwar furanni ta Guangzhou, kina goye a bayana, ta yi ta neman irin ta garinsu ba ta samu ba. Ta tsaya gaban ta 'yan Chaina ta ce, "Wannan 'yar uwarta ce." Ranar kaɗai na ga ta yi kewar gida.

To ga asali, ga ma'ana. Baffanki yana da 'ya Zahra'u, yana da jika Warda. In fure ya zo da Larabci suna ne mai daraja, in ya zo da yaren matar da ta hura wa 'yar ƙaninsa numfashi kuma sai ya zama abin dariya a falo? A gidansu akwai Marka, don kawai an haife ta ana ruwa. Wa ya kai ta kotu?

Abbanki ne ya fara kawo maganar, ba ni ba. Ya ce sunan yanka na mahaifiyarsa ne, wannan babu canji, shi ya sa muke ce miki Ummi. Amma a takardar asibiti zai ƙara na matar nan. Ya tambayi wani dattijo mai ilimi a cikin 'yan kasuwar, ya ce masa sunan fure babu laifi. Ranar suna aka yanka rago a wurin mahautan Musulmi, mu bakwai muka taru a falon da aka haife ki. Da Abbanki ya nuna wa Mai takardar, ta sa tabarau ta karanta, ta tashi ta koma ɗakinta. Sai bayan rabin awa ta dawo, idonta ja, ta ɗauke ki. Ba ta taɓa haihuwa ba, daga baya na sani.

Kina da wata bakwai muka zo Kano a ga dangi. Nan na yi abin da yau yake cin mu. Kakarki da gwaggwanninki suna zaune, wata ta ga takardar ta ce, "Wannan Mai ɗin fa?" Na dubi fuskokinsu, na tuna yadda ake magana a kan waɗanda suka daɗe a waje, a ce sun koma wasu iri. Na ji tsoron a ce arniya ce ta karɓi haihuwata, har na sa wa 'yata sunanta. Sai na ce, "Kuskuren ma'aikatan asibiti ne, Maimuna aka so rubutawa a matsayin laƙabi, suka yanke."

Abbanki yana bakin ƙofa ya ji. Bai ƙaryata ni a gaban mutane ba. Da muka keɓe ya ce, "Rabi, me ya sa?" Na ce a bar maganar, don zaman lafiya na yi. Ya ce, "Ke kika faɗa, ke za ki gyara." Har ya koma ga Allah ban gyara ba. Da kika girma kika tambaye ni, ƙaryar nan na maimaita miki. Na fake da cewa ke 'yar fari ce, uwa ba ta sakewa da 'yar fari. Al'ada ta hana ni kiran sunanki, ba ta umarce ni in yi miki ƙarya a kansa ba.

Kar ki sayi yardar mutane da ƙarya a kan wanda ya yi miki alheri. Waɗanda na ji tsoron bakinsu ranar nan, rabinsu sun rasu, sauran ba su ma tuna sun tambaya ba. Ni ce na kwana da abin shekara da shekaru.

Akwai na ƙarshe, shi ne wanda kafin yau ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Abbanki.

Mun koma Guangzhou muka ƙara kusan shekara. A ɗakin Mai kika koyi tafiya, kina riƙe ƙafar keken ɗinkinta. Sannan aka yanke shawarar ni da ke mu dawo gida gaba ɗaya, Abbanki ya riƙa zuwa yana dawowa. Mun yi sallama da ita a matattakala, na ce kar ta wahalar da kanta zuwa filin jirgi. A filin jirgin Baiyun, da hantsi, Abbanki ya tafi wajen awon kaya, ni kuma na haɗu da wasu hajiyoyi biyu 'yan kasuwa daga Kano, ɗaya unguwarsu ɗaya da kakarki. Muna cikin hira sai ga Mai tana kutsowa cikin mutane, da ƙunshi a hannu, silifas ɗinta duk taɓo. Kika gan ta kika fara zillo kina miƙa hannu.

Hajiyar ta ce, "Wace ce wannan da yarinya take wa haka?"

Na ce, "Mai aikinmu ce."

A zaman da muka yi Mai ta tsinci 'yan kalmomin Hausa, don kullum in na leƙa ta tana ɗinki ina ce mata sannu da aiki. Da ta ji "mai" ta ji "aiki", sai ta ɗauka sunanta na faɗa musu, ina gabatar da ita. Ta gyara tsayuwa, ta ɗan rusuna wa hajiyoyin, fuskarta cike da murna, ta ce, "Yauwa, sannu."

Suka yi dariya suka ce ashe har an koya mata. Na karɓi ƙunshin, na ce mata "shishe" kamar yadda ake ce wa mai shago, ban miƙa mata ke ba. Ta shafa ƙafarki kawai. Muka shige, kina kuka kina waiwaye. A cikin jirgi na buɗe ƙunshin, riguna uku ne ta ɗinka miki, kowace ta fi wata girma, don ki yi ta sawa har shekara uku. Da takarda mai adireshin ƙanwarta a Biyetnam. Kunya ta hana ni rubutawa a shekarar farko, a ta biyu na ce ai an makara. Da Abbanki ya neme ta daga baya, wasu ne a ɗakin, aka ce ta koma ƙasarsu. Takardar ma ta ɓace a tashin da muka yi daga Fagge.

Ban san nasihar da zan ɗora a kan wannan ba wadda ba ki riga kin gane ba. Abin da zan ce kawai, in kin yi wa mutum laifi, ki nemi gafara a ranar, tun yana inda za ki same shi.

Yau da safe na sa hijabi na tafi gidan Baffanki. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na faɗa masa duk abin da ke cikin takardar nan, cikin fushi. Na shirya zai yi gardama, har na tanadi amsoshi. Bai yi ba. Sai ya ce, "Rabi, ke kika ce mana kuskuren asibiti ne. Da na san matar ta ceci jininmu, ni zan ce a goge ta?" Ya ce yarinya ta girma, a bar mata ta zaɓa.

Don haka zaɓi naki ne. Ke ake tsokana a makaranta da "Mai me", ba ni ba, kuma ba zan ɗora miki biyan laifina ba. In kin cire, ba zan yi fushi da ke ba. Ina so dai ranar Litinin, in ma'aikacin ya tambaye ki sunan nan na mene ne, ya zama kin san amsa. Rigunan suna ƙasan akwatina, ƙaramar ce kawai kika taɓa sawa, don na ɓoye sauran kar a tambaye ni wa ya ɗinka. Ki zo ki gani in kin gama karantawa. Zan bar ƙofa a buɗe, kuma duk abin da kika tambaya zan amsa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare miki imaninki da mutuncinki a ƙasar mutane, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya jiƙan Abbanki. Ita kuma Mai, in tana raye, Allah Ya ba ta mai kula da ita a tsufanta kamar yadda ta kula da mu, Ya saka mata da mafificin alheri. Ki ce amin, ki kuma yafe mini.

Mamanki,
Rabi